Biron Ƙafar Gado

Ƙas! Katakon ya tsage, ɓallin ya wuce ta gefen kunnen Tela ya daki kwanon rufi.

"Na biyu ke nan," in ji Baba mai sassaƙa, ya kashe injin yana haki. "Saura guda."

Aron guduma ya kawo Tela, don katanga ɗaya ce tsakanin shagunansu. Sai ga tsohon da likita ya hana ko ɗaga buta, tsaye gaban injin juya katako, ƙafafunsa a kumbure sumtum.

"Haba Baba! Iya ta san ka fito?"

"Ta tafi ajinsu na koyon rubutu. In ka faɗa mata, sai na tona wa unguwa yadda ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Duk layin babu wanda bai ci kyautar hannun Baba ba. Mai gyaran takalma yana da ƙotar basilla, malamar asibiti tana da biro, shi kansa Tela da abin farke ɗinki na Baba yake aiki. Iya, matar Baba, ita kaɗai ba ta samu ba. Da tsufanta ta shiga aji, ta gane baƙaƙe sarai, amma ciwon gaɓɓai ya tanƙware mata yatsu, biron roba sai ya sulluɓe ya faɗi. Yanzu biro Baba yake sassaƙa mata.

"Ƙafar gadonmu na farko ce," Baba ya ce, yana shafa guntun da ya rage. "Gunduwa uku ta ba ni. Tsohon itace ya fi tsohuwa saurin fushi. Zo ka riƙe ni."

"In riƙe katakon?"

"Ni za ka riƙe, sarkin gaggawa. Ƙafafun ne suka ƙi."

Tela ya zagaya ya rungume shi ta baya. Ya ji mutumin ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar rigar da aka rataye. Ya leƙa ta kafaɗarsa ya ga guntun, an riga an huda shi an zura siririn bututun tagulla. Sai an fere bakin katakon ya koma kamar ɓawon ƙwai kafin ya dace da kan biron, kuma a nan na farko da na biyu suka fashe.

Injin ya tashi. Hannun Baba na karkarwa har kurfin sassaƙa yana kaɗawa a iska. Tela ya buɗe baki zai ce a bari.

Ƙarfen ya taɓa katako, karkarwar ta ɗauke ɗif.

Tela bai taɓa ganin irin wannan ba. Ɓawon itace ya riƙa fita siri-siri yana naɗewa, ja kamar garwashi, wani tsohon ƙamshi ya cika shagon. Baba ya rufe ido. Da kunne yake aikin. Kukan katakon ya sauya, ya yi sama, ya sirance.

"Nan ne," Baba ya raɗa. Ya ɗaga kurfin.

Bai fashe ba. Amma da injin ya tsaya, Tela ya yi turus. Abin ya fito da ƙaton ciki da wani ƙugu a inda bai kamata ba, ba kamar sumul-sumul ɗin da Baba ya saba yi ba. Ya ce a ransa, ciwo ya ci idon gwani.

Baba ya goge shi da samfefa, ya murza masa kakin zuma, ya nuna wa Tela yadda zai danna kan biron a hankali. "Ajiye a wurinka kakin ya sha. Yau ba na son faɗa."

Washegari da hantsi, Tela yana kan keken ɗinki ya ji salatin Iya daga cikin gidansu, ta bayan katanga. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda.

Sai da masu gaisuwar rasuwar Baba suka ragu ya shiga, ya durƙusa a bakin tabarmarta, ya miƙa mata biron cikin ƙyalle.

"Iya, saƙon Baba ne. Ki yi haƙuri da yadda ya fito, jikin ya riga ya..."

Ta warware ƙyallen. Ta daɗe tana kallon jan katakon, ta kai shi hanci.

"Ja'irin tsoho," ta ce. "Ya ce mini gara ta cinye ƙafar nan."

Ta riƙe shi kamar za ta yi rubutu. Babban yatsanta ya faɗa cikin ƙugun, tanƙwararrun yatsun suka kwanta a kan cikin, kowanne a mazauninsa.

"Ya auna hannunki ne, Iya?"

"Auna me? Hannun da ya riƙe tun ina da haƙora?"

Ta jawo wani kwalin sabulu, ta ɗora a gwiwa. Ta sunkuya, harshe a gefen baki, ta ja layin farko na harafi a hankali har ƙasa, sannan ta ɗaga hannu ta soma na biyu.