Ɗakin Inna a Bakin Kogi

Da safe Auta ta leƙa bayan gida, ta tarar ruwa ya tafi da bishiyar gwaibarsu har saiwa. Yanzu tsakanin gaɓar kogi da bangon ɗakin mahaifiyarsu Inna, ko tabarma aka shimfiɗa sai gefenta ya rataya. Ga damina ko rabi ba ta yi ba.

Da can kogin nan ba shi da gaggawa. Sai ya zagaya bayan kasuwa, ya lanƙwashe, ya huta cikin ciyayi, sannan ya iso unguwarsu a gajiye. Laifinsa ɗaya, in ya cika yakan shiga shaguna. Shi ya sa aka kawo katafila aka yanka masa hanya miƙaƙƙiya, aka daɓe ta da siminti. Kasuwa ta bushe, 'yan kasuwa suka yi ta sa albarka. Amma ruwan da aka hana shi zagaye sai ya riƙa zuwa a guje, kuma inda simintin ya ƙare, nan gidan Auta ya fara. Kifi ya ɓace, rijiyoyi suka ja baya, gaɓa ta shiga zubewa.

Ma'aikatan dai sun bar ƙofa guda, yadda in ruwa ya yi yawa zai malala cikin tsohon kwarinsa ya rage ƙarfi. To, wannan kwarin ne yayanta, mai shagon kayan gini, ya ƙyalla ido ya gani. Ya ce fili ne Allah ya ba shi, zai cike shi ya gina sito.

Auta tela ce, kuma ba ta iya kuka a zaune ba. Ta kwana biyu tana ɗinke tsofaffin buhunan siminti don ta tare gaɓar da su, har allurar kekenta ta karye, amma ba ta da yashin da za ta ɗura. Ta je shago ta sami yayan nata, ranta a ɓace.

"Yaya, in ka toshe kwarin nan, ɗakin Inna ba zai ga ƙarshen damina ba."

"Ke dai kin cika tsoro. Na ce ta dawo gidana, ta ƙi."

"A ɗakin nan Baba ya cika, ka san ba za ta fita ba. Kuma maƙwabtana fa? Su ma gidanka za su dawo?"

Ya ci gaba da ƙirga kwanon rufi, kamar da bango take magana.

Ranar da tifa ta zo da yashin cikon, direba ya juyo da baya zai sauke, sai ya taka birki. Auta ce a tsakiyar kwarin, ta turo Inna a baro, da matashinta da butarta. Tsohuwa ta gyara mayafi, ta zauna daram. Kafin ka ce me, rabin kasuwa ta taru.

Yaya ya iso yana haki. "Auta, kin haukace? Uwarmu za ki mayar abin kallo?"

"Ni na ce ta kawo ni," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ce wa direba ya zuba, ɗana. In ka cike nan, can ma ƙasa ce za ta rufe ni. Gara a yi a gabanka."

Injin tifa yana ta ƙugi. Auta ta san taurin kan yayanta, amma ba ta saki hannun baron ba. Yaya ya dubi mutane, ya dubi yashinsa, ya kasa duban Inna.

Direba ya leƙo ta taga. "Maigida, mai nake ƙonawa. Ina zan sauke?"

Yaya ya matso, ya janye hannun ƙanwarsa daga baron, ya kama da kansa.

"Buhu nawa kika ɗinka?" ya tambaye ta.

"Ba za su isa ba."

"Akwai wasu a shago. Shiga gaba ki nuna wa direba gidan."