Autan Baba Ya Yi Ƙaho

Tun daga bakin garke ranta ya ɓaci. Ga Babanta can ciki, ƙirjinsa naɗe da bandeji, yana shafa kan ɗan bijimin da ya matse shi a jikin kwamin ruwa kwana uku da suka wuce, har haƙarƙari ya tsage.

Baba ne ya raine shi da madarar kwalba bayan uwar ta mutu, ya raɗa masa suna Auta. Shi ne kuma ya koya masa wasan banzan nan: ya dafe masa goshi ya tura, maraƙi ya turo. A lokacin kowa dariya yake yi. Yanzu Auta ya fi ƙarfin ƙarti uku, kuma ba wanda ya gaya masa wasa ya ƙare.

"Baba, don Allah ka fito!"

"Haba Likita, sassauta murya. Gaisawa muke yi da ƙaninki."

Haka yake kiranta tun da ta gama karatun dabbobi a jami'a.

"Ni ba ni da ƙani mai ƙaho!"

Bijimin ya sunkuyar da kai, ya fara tonon ƙasa da kofato. Bayan Baba bango ne, babu hanyar gudu. Ta fizgi sanda, ta shiga ta bar ƙofa a buɗe, ta zagayo ta gefen kafaɗarsa. Sau ɗaya ta ƙwala masa a hanci, ta daka tsawa. Auta ya zabura ya ja da baya yana huci. Ta kama hannun rigar Baba suka riƙa takawa da baya, idonta a kan dabbar, har suka fita ta danna sakata.

"Duka? Maraya kika daka a gabana?"

"Maraya! Ni ma so kake ya mayar da ni marainiya? Kai ka lalata shi, Baba. Duk hannun da ya taɓa goshinsa, gani yake an ce zo mu kara. Ka san Mama ta ce daga gobe ita za ta riƙa shigar masa da dusa tunda kana jinya? Mama, da gwiwar nan tata da ko tabarma ba ta iya tashi daga kai sai an kama ta!"

Baba ya saki baki. Bai sani ba.

"Ba za ta shiga ba," in ji shi.

"Kai ma haka."

Ya daɗe yana kallon Auta, wanda ya koma yana tunkuyin bokiti abinsa.

"To me za a yi masa?"

"A dandaƙe shi, a huda hancin a zura igiya. Abinci ta saman shinge. Goshinsa kuwa ba mai ƙara taɓawa."

Baba ya dafe haƙarƙari, ya juya ya nufi gida a hankali.

"Ki yi masa da hannunki, kada ki ba wani," ya ce. "Ni dai ba zan tsaya in gani ba."