Bular Inna

Tun da hantsi Zuwaira ta kasa zama. Ta duba agogo, ta duba sama, ta sake duba agogo. Ƙarfe goma da minti arba'in tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto zai gifta ta kan Kwatarkwashi, kuma shi ba direban tasha ba ne da za a ce masa dakata.

Aikin da ofishinsu na Gusau ya turo ta bai da yawa: ta shimfiɗa wani ƙaton farin ƙyalle a filin wata gona. An riga an auna farinsa. Iskar da ke tsakanin sama da ƙasa tana zuba wa kowane hoto shuɗi-shuɗi, to da ƙyallen ake gane yawan shuɗin a cire shi. In ba a cire ba, hoton ba zai nuna geron da fari ya ƙona ba, kuma da hoton yau za a rubuta garuruwan da za a ba iri.

Malam Mu'azu, mai gonar, ya kama gefe, ta kama gefe, suka warware.

Gabanta ya faɗi. Ƙyallen sai ƙyalli yake, yana ƙamshin sabulu, ga wani shuɗi sama-sama.

Ta kira gida.

"Inna, kin taɓa ƙyallen da na ajiye a zaure?"

"Taɓawa? Ai wuni na yi a kansa, ni da ƙanwarki Mairo! Duk jar ƙasa ce. Har bula na sa masa, ƙulli uku. Haka kawai a hango dattin ɗiyata daga sama?"

Wayyo Inna! Yanzu wa zai raba shuɗin iska da shuɗin bula? Zuwaira ta buɗe baki za ta yi faɗa, tausayi ya hana ta.

"Ya yi kyau ko?" in ji Inna.

"Ya yi, Inna."

Goma da arba'in ta yi, ta wuce. Ko ƙara ba a ji ba.

Malam Mu'azu ya murza busasshen kan gero a tafinsa, ya hure, babu ƙwaya ko ɗaya.

"Malama, tauraron ya gan mu dai ko?"

Ta buɗe takardar rahoto. Akwai gurbin rubuta abin da ya ɓata awo. Ta ɗora biro a wurin, ta daɗe.

Sannan ta rubuta nata sunan, ba na Inna ba.