Man Tuyan Batulu

A shekarar da man gas ya ɓace daga gidajen mai, injin niƙan Malam Labaran na Ƙofar Jatau ya yi sati biyu a kashe. Da abin ya ishe shi sai ya fara bin matan da ke tuya yana karɓar tsohon man gyaɗan da suka gama da shi. Ya tace da tsumma, ya surka da ɗan kananzir, ya ɗura. Injin ya yi tari, ya tashi. Unguwa ta ɗauki ƙamshin suya, mata suka dawo da kwanukan dawa.

Wata Laraba da hantsi wata tsohuwa ta tsaya bakin rumfarsa, ta ja mayafi har goshi. Ta ajiye jarka.

"Daga gidan Batulu ne, Limancin Kona. A yi amfani da shi, kada ya lalace."

Kafin ya kashe injin ya yi godiya ta sha kwana.

Man baƙi ne wuluk, ga sanyi kamar ruwan randa. Da ya zuba, ƙarar injin ta sauka, ta koma kamar numfashin mai barci. Hayaƙin kuwa ƙamshin ƙosai ne da citta da kanumfari.

Wata mai kawo niƙa ta tsaya cak.

"Malam, wannan ai ƙosan Batulu ne. Ita kaɗai ke sa kanumfari."

"Daga gidanta aka kawo."

Matar ta ɗauki kwanonta ba a niƙa ba. "Shekararta uku a ƙasa."

Bayan azahar Labaran ya nemi gidan. 'Yar Batulu, Safiyatu, ta saurare shi daga bayan ƙofar zaure, sannan ta ce ranar da Inna ta faɗi, kasko na kan wuta. Ba wanda ya iya taɓa man. Sun juye shi a jarka, suka kulle a ɗakinta. Ta shiga ta duba. Kwaɗon na nan da tsatsarsa, amma jarkar babu, sai shatinta a ƙasa.

Labaran ya so ya zubar da sauran. Safiyatu ta roƙe shi ya bari, ya ci gaba da zubawa a injin.

Kullum da safe sai ta zo ta zauna a kan benci ta gefen da hayaƙi ke fita, ba niƙa, ba magana. Shi ma ya daina gaishe ta, don ya lura leɓenta na motsi, kuma takan yi shiru kamar mai jiran amsa.

Rana ta tara injin ya mutu da kansa, ana tsaka da niƙan gero. Safiyatu ta miƙe ta share ido.

"Ta yafe mini," ta ce.

Bai tambaye ta laifin me ba. Washegari ya ɗauki galan ya shiga layin gas a Tudun Wada.