Albashin Zaman Gida

Plinio ya ture 'ya'yan domino gefe, ya jera kwalabe uku a kan tebur, ya ce, "To, buɗe kunnenka, don ba zan sake maimaitawa ba. Wannan kwalbar kai ce. Wannan ƙungiyarka ce ta Amurka. Wannan kuwa kamfanin inshora."

"Wannan tawa ce, ban gama sha ba," in ji Chepe ɗan acaɓa, ya janye kamfanin inshora ya kai baki.

Duk kantin unguwa ya fashe da dariya, ban da Nicanor Silfa. Shekaru ya yi yana aikin jifan ƙwallo a babbar gasar wasan besbol ta Amurka, kuma kaf garin Santa Rufina babu yaron da bai taɓa kwaikwayon yadda yake ɗaga ƙafa kafin ya saki ƙwallo ba. Bara kafaɗarsa ta dama ta yage, aka yi masa aiki, likitocin ƙungiya suka rubuta cewa ta gama amfani. Aka ce ya koma gida ya huta. Albashinsa bai fasa shigowa ba, domin kwantiraginsa da sauran shekaru. Matsalar ɗaya ce: kafaɗar ta warke.

Plinio, wakilinsa da ya taso daga Santo Domingo, babban birnin ƙasar, musamman don wannan bayani, ya goge gumi da hankici. "Muddin kafaɗarka a mace take a takarda, inshora ce ke mayar wa ƙungiya mafi yawan abin da take biyanka. Ranar da ka yi wasa a gaban jama'a, inshora ta zare hannunta, nauyinka ya koma wuyan ƙungiya. Ka gane?"

"Amma ai na warke."

"Don girman Allah rage murya!"

Daga kujerarsa mai lilo a bakin ƙofa, Don Eulogio, mahaifin Nicanor, ya yi gyaran murya. Rabin rayuwarsa a masana'antar sukari ya yi ta, kafin a rufe ta ciyawa ta cinye layin dogon da ake ɗaukar rake.

"Ɗana, korarka aka yi?"

"A'a, Baba."

"To aiki kake yi?"

"A'a."

"Kuma suna biyanka?"

"Suna biya."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. "A zamaninmu," ya ce, "in mutum ya zauna a gida kuɗi na zuwar masa, 'yan sanda muke jira."

Chepe ya kira Plinio da laƙabin masu digiri, ya ce, "Licenciado, ni ma gwiwata tana ciwo. Ba gurbi a can?"

Nicanor ya koma gida kansa ya fi ɗaurewa. A makon nan ya ji mai ƙungiyar tasu a talabijin, fuska a murtuke, yana cewa sun tafka hasara bana, dole su rage kashe kuɗi. Shi kuwa ya san filin nan. Ya san yadda yake cika maƙil har da ranakun sanyi, da kofin giyar da ake sayarwa a kuɗin yinin mai saran rake, da rigunan da ke ɗauke da sunansa a bayan mutanen da ba su iya furta shi ba. Da ya tambayi Plinio a mota, sai ya ce masa, "Hasararsu ba irin tamu ba ce. Sun faɗi, amma da za su sa ƙungiyar a kasuwa yau, ta ninka abin da suka saye ta."

"Yaya abu zai riƙa faɗuwa yana ƙara tsada?"

"Kai jifa aka ɗauke ka yi, ba tunani ba."

"Ai jifan ma kun hana ni."

Plinio ya ƙara sautin rediyo.

Zama ya fara cin Nicanor. Da safe ya ci dakakkiyar ayaba da soyayyen cuku, ya wanke motar da ba ta yi datti ba, ya zagaya gidan da ya gina ya dawo. In ya fita, masu gaishe shi sai su dafa kafaɗarsa ta hagu a hankali, su karkatar da kai kamar masu ta'aziyya. Wata tsohuwa ta kawo masa man shafawa da ta haɗa da kanta. Ya karɓa ya yi godiya, ya rasa ko ƙarya ya yi mata.

Ana cikin haka Don Fulgencio ya zo. Shi ne kocin Garzas, ƙungiyar garin, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar hunturu bayan shekarun da har an daina ƙirgawa. Ya cire hula, ya ƙi zama.

"Ba mu da abin biyanka, Nicanor. Rabin fitilun filinmu sun mutu, motar 'yan wasa sai an tura ta. Amma an ce min kana jifa a bayan gida, kuma an ce katangar ta tsage. Ranar Lahadi nake so ka yi mana jifa. Ko zagaye biyu ne."

Don Eulogio bai taɓa shiga jirgi ba, ya kuma rantse ba zai shiga ba, saboda haka bai taɓa ganin ɗansa a kan tudun jifa ba sai a cikin gilashin talabijin. Yanzu ga yanar ido ta fara rufe masa gani.

Da baƙon ya tafi, Yudelka, matar Nicanor, ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta ji komai.

"Kada ka dube ni haka," ta ce. "Wa ke biyan wankin ƙodar yayarka? Wa ke riƙe da 'ya'yan ƙaninka a makaranta? Kafaɗar nan ba taka ba ce kai kaɗai."

"Dā da ita nake ciyar da ku in na yi jifa. Yanzu kuma sai in ban yi ba?"

"Ni ban ce na gane ba. Cewa na yi kada ka taɓa."

Ya sa Plinio ya kira Amurka, ya gaya musu ya warke, a shirye yake ya koma bakin aiki, tunda dai an riga an biya shi. Amsa ta dawo cike da ladabi: suna yi masa fatan alheri, amma sun ba wani matashi gurbinsa, wanda ya fi sauƙin kuɗi.

"Ya fi ni sauƙi? Ai ni sun riga sun saya!"

"In ka zauna, wani ke biya. In ka tashi, su ke biya. Kai da tsadarka a zaune ka fi araha."

Nicanor ya maimaita maganar a ransa har sau ba adadi, ta gaba da ta baya, bai same ta ba.

A ƙarshe Plinio ne ya samo tsaka-tsaki. Nicanor ba zai yi wasa ba, amma zai yi jifan buɗe fili, irin wanda ake bai wa sanatoci da mawaƙa don girmamawa. "Ɗaya tak," ya ce, yana nuna shi da yatsa. "Kuma a hankali. Ka lula ta sama kamar mai jefa wa jikarsa lemo. In ta faɗi ƙasa kafin ta isa, ya fi. In ka ɗan yamutsa fuska, ya fi kyau ma. Kowa da waya a hannunsa."

Ranar Lahadi da la'asar filin ya cika har kan katanga. Makaɗa na ta dukan ganga, masu soyayyen naman alade na ratsa layuka suna kiran ciniki. An zaunar da Don Eulogio a layin gaba, cikin farar rigarsa ta zuwa coci. Da aka kira sunan Nicanor, ihun da ya tashi sai da ya kori tsuntsayen da ke kan rufin.

Ya taka zuwa tudun yana nanata wa kansa: a hankali, a hankali. Da gaske ya yi niyyar bin maganar Plinio. Ya riƙe ƙwallon sako-sako. Sai mai cafkar ƙwallo ya tsuguna, ya buga safar hannunsa da dunƙule, ya nuna masa yatsa ɗaya a ƙasa, alamar da tun yana yaro take nufin abu ɗaya: jefo da dukkan ƙarfinka. Nicanor bai san lokacin da ƙafarsa ta tashi ba.

Ƙarar da ƙwallon ya yi a cikin safar ta sa filin ya yi tsit na ɗan lokaci. Mai cafkar ya cire hannu yana yarfewa. Sannan wurin ya ɓarke. Don Eulogio ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba. Can gefe Plinio ya rufe fuska da hankici, Yudelka kuwa ta zauna ƙyam, hannuwa a kan cinya.

Garzas ta sha kashi a wasan, amma ba wanda ya tuna da wannan washegari. Bidiyon jifan ya riga ya haye teku.

Makonnin da suka biyo baya, Nicanor ya yi su ne kamar wanda ke jiran hukunci. Yudelka ta daina yi masa magana sai ta dole. Kamfanin inshora ya aiko da nasa likitoci, ƙungiya ta kira shi Amurka, aka juya kafaɗar, aka haska ta, aka sa shi jifa a gaban na'ura. Duka suka yarda lafiyarsa ƙalau. Ya dawo gida bai san ko murna zai yi ba ko ya fara neman mai sayen mota.

Sai ga Plinio ya iso wata safiya yana dariya, ya zauna ya nemi kofi.

"Sun sallame ka."

Cokalin hannun Yudelka ya faɗi.

"Kwantar da hankalinki, Doña. Sun sallame shi, amma dole su biya shi sauran kwantiraginsa har ƙarshe, haka doka take. Mai ƙungiyar ma har ya fito ya ce hasarar da ya yi a kanka ce ta sa zai ƙara kuɗin tikiti. Kuma ga na biyu: ƙungiyar masu jar hula ta ɗauke ka."

"Masu jar hula? Abokan gabarmu?"

"Su fa. Za su ba da ɗan abin da doka ta ce shi ne mafi ƙanƙanta, tsofaffin iyayen gidanka su cika sauran. Wasan farko na bana ma da tsohuwar ƙungiyar taka za ku yi."

Nicanor ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. "Wato da na zauna ana biya, da na tashi ana biya, da aka kore ni ma ana biya. To duk wannan ɓoye-ɓoyen da muka yi, na mene ne?"

"Sha kofinka," in ji Plinio.

Ranar tafiya, Chepe ya ɗora jakarsa a mota yana neman a kawo masa takalmi. Nicanor ya durƙusa gaban kujerar mahaifinsa.

"Sa min albarka, Baba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana." Tsohon bai saki hannunsa ba. "Tsaya. Mutanen nan na farko, su ne za su ci gaba da ciyar da mu?"

"Su ne."

"Kuma su za ka je ka kayar?"

"In Allah ya yarda."

"In ka kayar da su, za su biya?"

"Za su biya."

"In su suka kayar da kai fa?"

"Haka ma."

Don Eulogio ya gyaɗa kai a hankali, kamar ya fahimta, sannan ya girgiza shi. "Ni dai zan je coci ranar Lahadi," ya ce. "Ban taɓa yi wa wanda ke ba ni abinci mugun fata ba, ban kuma taɓa yi wa ɗana ba. Ka gaya min wa zan roƙa wa nasara."

Direba ya danna hon. Nicanor ya waiwaya neman Plinio, amma Plinio ya riga ya shige mota yana waya.

"Zan tambaya in kira ka, Baba," ya ce.