Ranar da Japhet Ya Dawo Daga Gona

'Yan wasan kwaikwayon cocin Rikoto ba su san wani abu wai shi rubutaccen wasa ba. Abel, shugabansu, yakan tara su a gindin mangwaro ya ba su labari, ya ce kai ne wane, ke ce wance, sauran magana kuwa kowa ya nemo ta a cikinsa. Da wannan dabi'a tasu Magdalene ta dogara.

Ita ba 'yar gari ba ce. Daga wani ƙauye bayan Ribah ta gudo da 'yarta Success, bayan 'yan bindiga sun tarar da mijinta Japhet yana noman dawa sun harbe shi. Tun hantsi mutanen ƙauyen suke buga waya suna neman agaji, har rana ta karkata ko ƙurar mota ba su gani ba. Gawarsa ma ba a samu komawa an ɗauko ba. Wannan shi ne abin da ke cin ranta, kuma shi take so a faɗa a gaban jama'a ko da sau ɗaya ne: an kira, ba a zo ba.

Da Abel ya nemi ta ba su labarin don wasan bikin godiyar kaka, ta ba shi duka. 'Yan matan da aka gwada a matsayinta kuwa, wannan ta yi kuka kamar an taka wutsiyar mage, waccan ta fashe da dariya. Ƙarshenta Magdalene ta ce su matsa, ita za ta fito a matsayin kanta.

Ana saura kwanaki kaɗan aka ji cewa wani Honarabul ne babban baƙo, kuma ya yi alkawarin rufin coci. Nan da nan dattawa suka gano cewa wasan ya yi ɗaci. Abel ya same ta tana tankaɗe, yana ta sosa ƙeya kamar mai ƙwarƙwata.

"Mama, an ce a gyara ƙarshen. Agaji za shi iso da wuri, Baban Success shi dawo gida lahiya."

"Shi dawo? Daga ina?"

"Wasa ne, Mama. Ki yi haƙuri."

Ta ce to. Amma a zuciyarta ta riga ta gama shiri. Tunda ba a rubuta wa kowa magana ba, ba mai riƙe mata baki. In an turo mata mijin ƙarya, za ta juya ta dubi Honarabul ido cikin ido ta ce ba haka aka yi ba. Kullum tana wanke-wanke tana bitar kalmomin, har sun zauna mata daram.

Ranar biki coci ya cika maƙil, dammunan dawa jingine a jikin bango. Aka ja zannuwan da aka ɗinke aka yi labule da su. 'Yan bindigar wasa suka fito da bindigogin kara da rawunan tsumma, suna tafiyar 'yan maye, jama'a suka kwashe da dariya. Magdalene ba ta ga laifinsu ba, mutum kan yi wa abin da yake tsoro dariya in ya same shi da bindigar kara. Sai ga masu agaji sun diro tun ba a gama kiransu ba, Honarabul ya gyara zama yana gyaɗa kai.

Ta miƙe tsakiyar dandamali, bakinta cike da maganarta. Sai Sila, ɗan acaɓan da aka ba matsayin Japhet, ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ko kama ba su yi ba, Sila gajere ne, ga tumbi. Ya jingine fartanyar, ya karkaɗe ƙafafunsa, ya ce, "Maman Success, na dawo. Akwai ruwa?"

Wayyo. Tun ranar da abin ya faru take jiran wannan magana, ba ta san tana jira ba. Ta nemi Honarabul a zuciyarta ta rasa, ta nemi kalmomin nan ta rasa.

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce. "Ka daɗe."

Ta ɗebo ruwa ta durƙusa ta ba shi. Ta tambaye shi ko dawa ta yi kyau, ko ƙafar tasa ta daina ciwo. Ta gaya masa Success ta shiga aji uku, ta iya karatu. Sila kuwa sai "to, to" yake yi, idanunsa sun kawo ruwa. Jama'a suka ɗauki tafi, Honarabul har da miƙewa tsaye. Ta ji tafin sarai, ta kuma san damarta ce ke wucewa, ba za a sake tara mata mutane haka ba. Duk da haka ta riƙe hannun rigar Sila, ta kasa saki.

Abel ya yi alama a rufe. Zannuwan suka fara matsowa daga gefe da gefe. Magdalene ta ɗaga hannu, murya ƙasa-ƙasa, ba da jama'a take ba.

"Don Allah ku dakata kaɗan," ta ce. "Bai ci abinci ba tukuna."