Ranar da Bature Ya Ce Kwanta

Duk ƙasar Zamfara babu ɗan da ya riga ni ganin jirgin sama. Ni Ɗahiru na Wanke, tun a yaƙin Jamus na san shi, can gabas bayan teku, inda muka yi soja ni da abokina Jatau. Mu ke murza wa matuƙa farfela. Ka kama ta hannu biyu, Bature ya daka tsawa daga ciki, "Kwanta!", ka fizga ka faɗi gefe. An ce wata kalmarsu ce mai kama da tamu. Ni dai kwanta na ji.

Yaƙi ya ƙare, muka koma noma. Shekarar da ake shimfiɗa hanyar dogo zuwa Gusau, bayan girbi, muna kan hanyar kasuwar Bungudu, sai ga jirage biyu daga wajen Tsafe. Ɗaya ya yi tari, ya rikito cikin duwatsu. Ɗayan ya kewayo ya sauka a gona. Jama'a suka watse, mu biyu muka nufe shi.

Wanda ya sauka Baturen da muke kira Mai Lofe ne, mun san shi tun yaƙi. Ya tuɓe kaki, wani kamfani yake yi wa awon hanya. Wanda ya faɗi Jan Gemu ne, abokinsa, tare suka sha wuta. Muka shiga duwatsun muka zaro Jan Gemu ƙirji a farfashe, yana aman jini. Mai Lofe ya ɗaure shi a kujerar baya, ita ke nan guda, ya ce sai Zariya wajen likita.

Gonar mai gangara ce. Na tattaro manoma takwas, na ce su riƙe fukafukai da wutsiya kada jirgi ya motsa.

Jatau ya ce, "Kauce in murza, Ɗahiru, hannunka rawa yake."

"Wa? Kai da ko akuya ba ka iya kayarwa? Tsaya can ka ga aiki."

Abu ɗaya na manta ban gaya wa manoman nan ba. Na kama farfela, Bature ya yi tsawa, "Kwanta!" Bayin Allah suka ji Bature ya ba da umarni da Hausa, suka saki jirgi suka zube ƙasa su duka. Ni ko na riga na fizga. Jirgi ya zaburo, farfela ta ɗauke mini hannun dama daga gwiwa.

Mai Lofe ya rage wuta, ya leƙo. Ya dube ni, ya waiwaya ya dubi kujerar baya. Jatau na kururuwa, "Ɗauki wanga! Naka ya gama!" Mai Lofe ya sara mini irin ta soja, ya ba jirgi wuta.

Ban taɓa zaginsa ba. Nasa ya ɗauka, ni ma nawa ya ɗauke ni. Jatau ya yage rawaninsa ya ɗaure dungun, ya goya ni har Bungudu, yana zagina duk hanya don kada in sume.

"Mutu mana, raggo! In je in ce wa matarka Kulu mi?"

A gidan wani maƙeri aka danne ni, aka tsoma dungun cikin tafasasshen mai. Ban yi kuka ba, Jatau ne ya yi.

Daga baya muka ji Jan Gemu bai kai Zariya da rai ba, gawa abokinsa ya sauke. Ni da aka bari a kunyar dawa, ga ni ina cin tuwo da hagu.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Wanke ya miƙo hannu mu gaisa, in ga abin da zai kama.